Umma ta ba ni izinin aiki a Amurka

Ina tsaye gaban akwatin wasiƙu a garin Wheaton na Amurka, ina duba ko katin izinin aikina ya iso, sai ga kiran mahaifiyata daga Zariya.

"Ka gama digiri, kamfani ya ɗauke ka, zaman me kake yi?"

Na ce, "Umma, ɗalibin da ya zo daga waje ba ya fara aiki sai katin izini ya iso. Kamfanin kuma daga Litinin ba zai ƙara jirana ba."

Ta ce, "To ni da na haife ka na ba ka izini. Je ka fara."

Ranar Asabar katin ya iso. Har yau Umma tana gaya wa maƙwabta izinin da ta ba ni ne ya isa Amurka.

Ni dai ban musa ba. A cikinku wa zai iya?