Tawadar da ke yatsan Ummi

Jiya a ƙauyenmu, can bayan Bagwai, na iske Hadiza matar yayana tana goga wa 'yarta Ummi tawadar biro a ƙaramin yatsa. Wai don masu ɗigon foliyo su ga alama, su ɗauka an riga an ba ta, su wuce.

"Sau uku fa aka ɗiga mata," in ji ta. "Ya isa haka."

Kawu Sale yana gefe a kan kekensa na guragu. Tun yana shekara huɗu shan inna ta kama shi. Ya kira Ummi, ya riƙe yatsan, ya daɗe yana kallo.

"Hadiza, ni ba jifa aka yi mini ba. Ruwan kududdufin da ake bahaya a gefensa na sha. Cutar nan iri-iri ce, kuma ba ta duba yatsa."

Hadiza ta miƙe. Ta ɗauko sabulu ta wanke hannun yarinyar, ta riƙo ta zuwa ƙofar gida don jiran masu ɗigon.

Har yanzu ina tambayar kaina, wa muke yaudara da tawadar nan? Ku ma ana yin haka a garinku?