Lambar da Ba Ta Malam Zailani Ba

Mashkura 'yar Modibbo ce, wani mai shanu a Miga da ya haƙura da yawon kiwo ya zauna wuri ɗaya don 'ya'yansa su yi karatu. A cikinsu ita ce marar yawan magana. Ta karanci kimiyyar kwamfuta a Dutse, da ta gama kuma wani kamfanin sayar da iri da taki a nan Dutse ya ɗauke ta ta kula masa da na'urorinsa. Ma'aikata suka laƙaba mata suna Injiniya, har ta saba amsawa.

Aikinta na farko shi ne ta haɗa kwamfutocin ofis su riƙa magana da juna. Hakan ba ya yiwuwa sai kowacce tana da adireshi, wato lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. A ofishinsu ukun farko ɗaya ne ga kowa, kamar sunan unguwa. Ta ƙarshen ce ke bambanta wannan da waccan, kamar lambar gida. A lokacin ma'aikatan ba su da yawa, sai ta bi tebur-tebur tana sa wa kowa tasa da hannunta, ta kuma haddace su kaf. Talatin da bakwai ta faɗa kan Malam Zailani, mai kula da sito, wani dattijo ɗan Ringim da ke danna kwamfuta da yatsa ɗaya, yana karanta kowane harafi a fili. Shi kaɗai ne ba ya ce mata Injiniya, sai dai "'yata".

Da kamfani ya bunƙasa, aka ɗebi matasa masu fita ƙauyuka rajistar manoma, kowa da tasa kwamfutar hannu. Mashkura ta ga tsohon tsari ba zai ɗauka ba. Ta raba jerin lambobin gida huɗu, sittin da huɗu a kowane kashi: na farko na masu fita ƙauye, na biyu na sito, na uku na masu lissafi, na ƙarshe na baƙi. Ta kuma bar wa na'urar da ke rarraba intanet aikin ba da lambobin aro, duk wanda ya kunna kwamfuta ta miƙa masa wadda ba kowa a kanta a kashinsa. Aikin ya yi kyau, har ta manta ta yi shi.

Gab da faɗuwar damina aka wayi gari bayanan manoman da suka yi rajistar iri sun ɓace daga babbar kwamfutar ajiya. Ga manoma daga Garki da Miga cike da harabar ofis, ba a san wa za a ba me ba. Manaja, Alhaji Misbahu, ya kira ta ransa a ɓace.

"Injiniya, ba za a iya gane wanda ya goge ba?"

Ta duba. Duk ma'aikata da suna ɗaya suke shiga ajiyar, don haka abin da ta samu adireshi ne kawai, ƙarshensa talatin da bakwai.

"Ta wane ne wannan?" in ji shi.

"Ta Malam Zailani ce, ranka ya daɗe."

Maganar ta fito ne kafin ta yi tunani, kamar yadda mutum ke faɗin sunan ƙaninsa. Aka kira dattijon. Ya ce shi bai san ma yadda ake goge abu ba. Manaja ya ce ai rashin sanin ne ya jawo. Malam Zailani ya dube ta, ba da fushi ba, ya ce, "'Yata, kin tabbata?" Ta sunkuyar da kai ta ce abin da na'ura ta nuna ke nan. Kafin mako ya ƙare aka sallame shi.

Sai da gero ya fara fitar da kai gaskiya ta bayyana mata. Ɗaya daga cikin masu fita ƙauye ya kawo mata kwamfutarsa ta ƙi buɗewa. Da ta gyara ta duba adireshinta, ta ga talatin da bakwai. Ta daɗe tana kallon allon. Talatin da bakwai tana cikin kashin farko. Tun ranar da ta raba jerin, kwamfutar sito ta koma kashi na biyu, lambobinta daga sittin da biyar suke farawa. Ko da gangan Malam Zailani ya so, ba yadda za a yi ya riƙe wannan lamba. Ita ta tsara hakan da hannunta.

Ba ta faɗa wa kowa ba a ranar, haka ma washegari. Ta riƙa gaya wa kanta cewa aikin gama ya gama. Amma ta daina bi ta gaban sito, sai ta zagaya ta bayan masallaci. Abinci ya fita ranta. Da ta je Miga, Indo, mahaifiyarta, ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, ta ce gajiya ce kawai.

Ranar da ta dawo ta wuce ofishin manaja ta zayyana masa komai. Ya saurare ta yana juya biro.

"To wa ya goge?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Lambar aro ce, ta ratsa hannaye da yawa. Abin da na sani shi ne ba shi ba ne."

Ya ce an riga an sa wani a sito, amma zai faɗa a gaban ma'aikata cewa Malam Zailani ba shi da laifi, in kuma yana so a nema masa wani gurbi. Ya cika alkawarin farko a taron safe. Na biyun ita ya bar wa ta kai saƙo.

Ta sami Malam Zailani a kasuwar Ringim, a rumfar ƙaninsa, yana ware albasa. Ya rame. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara bayanin kashi-kashi da lambobin aro, ya ɗaga hannu.

"Wannan karatun ya fi ƙarfina. Ni na yi, ko ba ni ba ne?"

"Ba kai ba ne, Baba. Ni na yi kuskure. Ka yafe mini."

Ya ajiye albasar da ke hannunsa. "Wallahi har na fara yarda ni ne. Ina ta tunanin ko yatsan nan ne ya taɓa wani abu, na hana bayin Allah iri a kan lokaci. Da shi nake kwana, da shi nake tashi."

Wannan ta fi komai yi mata ciwo. Ta kasa ɗago kai.

Ya ce ya yafe duniya da lahira, amma Dutse kam ba zai koma ba, ya tsufa da a sake nuna shi da yatsa. Abu ɗaya ya roƙa: ta bi shi gida ta maimaita maganar a gaban matarsa Kubura, wadda ita ma ta ɗauka shi ne. Ta bi shi, ta zauna a kan tabarma ta faɗa tiryan-tiryan. Kubura ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta shiga ɗaki.

Mashkura tana nan a kamfanin har yau. Ta buɗe wa kowane ma'aikaci sunan shiga na kansa. Takan je Ringim lokaci-lokaci ta gaishe su. Malam Zailani yakan tarbe ta da fara'a, Kubura kuwa takan amsa gaisuwa ne kawai ta ci gaba da aikinta.