Baba Sammako da Kwandon Gidan Kansila

Ƙarfe shida na safe ba ta cika sai an jiyo kukan tayar amalankensa daga bakin layi, ƙiii-ƙiii. Shekara talatin da ɗaya Baba Sammako ya yi yana kwashe sharar unguwarmu, ma'aikaci ne na hukumar gari. Yakan tsaya a kowace ƙofa, ya ɗaga murfin kwando, ya leƙa tukuna, sannan ya juye. Leƙen nan ya daɗe yana ba ni haushi. Ni tela ce, shagona yana kallon titi, kuma gara in faɗa muku tun yanzu: ba na yarda da mutum da wuri. Maigidana cewa yake yi ko inuwata ce ta biyo ni, sai na tambaye ta wa ya aiko ta.

Wata rana na tare shi. "Baba, wai me kake nema a sharar mutane?"

"Fasasshiyar kwalba, 'yata, da allura. Ku teloli ku ne kan gaba." Ya nuna mini tabo a tafin hannunsa. Amma ban gamsu ba.

Leƙen nan ne dai ya ceci tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. Kwana uku ya ga ko ɓawon albasa babu a kwandonta, ya buga ƙofa shiru, ya kira mai gyaran babur suka ɓalle sakata. A ƙasa suka same ta, ta faɗi ta kasa tashi. Mai gyaran babur yana nan da ransa, ku tambaye shi.

To, sai maganar Kansila. Dokar garinmu ta ce wanda aka zaɓa dole ya ci gaba da zama cikin mutanen da suka zaɓe shi har wa'adinsa ya ƙare, in ya tare wani wuri kujera ta kuɓuce masa. Gidan Kansilanmu yana fuskantar shagona. Bayan zaɓe da 'yan watanni na fara jin gidan ya yi tsit. Labule dai yana nan, rediyo na magana, mota takan zo ta tsaya ta tafi. Har takalman yara uku aka jera a bakin ƙofa. Amma ni da nake ɗinka wa yaran nan kaya na san ƙafarsu ta wuce waɗannan takalma tun bara. Na ce ruwa ba ya tsami banza.

Ana haka magudanar layinmu ta toshe. Duk ruwan da aka yi sai ya shigo mana shaguna, sau biyu ina ɗora keken ɗinkina kan tebur. Da muka yi wa Kansila magana a taro, sai ya ce shi bai ga wani ruwa ba. Ina zai gani? Muka rubuta ƙara cewa ya koma sabuwar unguwar masu hali, aka kafa kwamiti.

Sati bai zagayo ba sai ga kwandon gidan Kansila ya fara cika maƙil. Sannan wata safiya da idona na ga direbansa ya ja Baba gefe, ya dafa masa kafaɗa, suna ƙus-ƙus. Bayan kwana biyu sai ga Baba da sababbin takalman roba. Na ce shi ke nan, an saye shi! Kuma ban riƙe a cikina ba, duk wadda ta kawo ɗinki sai na fesa mata. Lissafina ma ya hau daidai: saura wata huɗu Baba ya yi ritaya, sashen tsafta kuma a ƙarƙashin Kansila yake. Wane ne zai yi wasa da aikin shekara talatin saboda magudana?

Ranar sauraron ƙara muka cika ɗakin taro na hukuma, fanka ɗaya tana juyi da fiffike biyu. Direba ya rantse maigidansa a gida yake kwana. Mai gadin gidan ma haka. Sai Kansila da bakinsa ya ce a kira mai shara, ai shi ya san gidan da ake zaune.

Shugaban kwamiti ya ce, "Baba, kwandon gidan Kansila yana cika?"

"Yana cika, ranka ya daɗe. Sati shida ke nan."

Kansila ya gyara zama yana murmushi. Ni kuwa na ja tsaki har aka waiwayo.

"Sai dai akwai abin da ya ɗaure mini kai," in ji Baba. Ya zaro wata leda daga aljihu, ya zazzage ta kan tebur. Ɗanyar ciyawa ce, gajejjeru, irin wadda inji yake askewa. "Gidan nan tun ana gininsa na san shi. Siminti ne daga ƙofa har bango, ko tsiro ɗaya babu. Amma duk Litinin da Alhamis sai na tarar da wannan a kwando. Ko dai siminti ya fara tsiro, ko kuma sharar nan a mota take zuwa. Kafin sati shidan nan kuwa, wata bakwai kwandon yana wayam, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki."

Direba ya sunkuyar da kai. Ashe daga sabon gidan mai fili da furanni yake kwaso buhunan shara, bai taɓa buɗe ko ɗaya ya duba ba.

Kwamiti ya ba Kansila wata guda: ko ya dawo, ko ya sauka. Ya dawo. Ruwan farko da aka yi ya shiga masa har falo, kafin sati biyu an yashe magudana.

Baba kuwa takarda aka miƙa masa, wai sauyin wurin aiki ne irin na yau da kullum. Babban jujin bayan gari aka tura shi. A cikin hayaƙin nan ya cika sauran watanninsa, ya fito da tarin da har yau bai sake shi ba. Mu da aka gyara wa magudana ba wanda ya yi tari ko sau ɗaya.

Na je gidansa da kunya kamar in nutse. Na same shi a tabarma, takalman robar suna jingine da bango.

"Baba, ni ce na yi ta yaɗa cewa an saye ka."

"Na ji, 'yata. Takalman nan autata ce ta saya mini." Ya yi tari, ya yi dariya. "Direba cewa ya yi in ce kwando na cika, ai ba ƙarya ba ce. Na ce masa zan faɗi abin da na gani. Ke kuma da ba ki yi zargi ba, da ba a kai ƙara ba. Zargi ba laifi ba ne. Sai dai ki riƙa leƙawa kafin ki juye."

Na share hawaye.

Baba Sammako, kai ne wanda muke toshe hanci in ya wuce, kai ne kuma ka fi mu sanin wanda yake cikinmu da wanda ya gudu ya bar mana labule. Sarkin sammako, mai gani kafin ya faɗa. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya raba ka da tarin nan da ka ɗauko dominmu. Ku kuma masu karatu, in an kira ku shaida, ku faɗi abin da kuka gani duka, kada ku tsaya a rabin da zai tsirar da ku.

Wanda ya gaji Baba ba ya leƙawa, juyewa kawai yake yi ya wuce. Don haka ni ce nake tsallaka titi kowace safiya kafin in buɗe shago, in ɗaga murfin kwandon Kansila. Yau ɓawon ƙwai na gani da na albasa. Gobe ma zan duba, Baba, tunda da ƙirjinka aka biya kafin kwandon nan ya cika da gaskiya.