Ƙwannafin Baba da Ƙusar Umbadda

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Hajj Yusuf, ni da mahaifina, kowa na cika yana batsewa. Wata huɗu ke nan ƙwannafi na cin Baba, har loma ta fara tsaya masa a maƙogwaro, duk ya rame. Na yi na yi ya ga likita, ya ƙi. Shi dai Umbadda zai je wajen basir, mai maganin gargajiyar nan da ke ɗora wa mutum jan ƙarfe a inda ke ciwo. Na bi shi ne don in hana a ƙona masa ƙirji, ko da za a ce 'yarsa ba ta da kunya.

Gadar da muka saba bi yaƙi ya karya ta, don haka hafla, bas ɗin haya, ta yi dogon zagaye da mu, ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga ramuka. Duk ramin da muka faɗa sai Baba ya dafe ƙirji ya yi gyatsa, kuma gyatsar nan ce ta tara mana likitoci mota guda. Wata tsohuwa ta rantse sanyi ne ya kwanta masa a ciki, ya jiƙa kanwa ya sha. Na bayanmu ya ce kanwa ce ta gama da ƙodar ƙanensa, hulba ce magani. Direba ya leƙo ta madubi ya ce kambun baka ne, tunda ya ji Baba ya fi kowa cinikin agashe, wato tsire, a layinmu. Wannan ta yi wa Baba daɗi ƙwarai. Da na ce wanda ya shekara talatin yana ɗanɗana yajin tsire safe da yamma ba ya buƙatar maƙiyi, sai 'yan motar suka yi ta harara ta kamar na zagi wani.

A Omdurman muka biya gidan ƙanwar Baba. Ta ji abin da ya kawo mu, ta yi salati har da hawaye, sannan ta dire masa ful, dafaffen wake yana iyo a man riɗi, da barkono, da gahawa mai citta. A wajenmu ba a ture kwanon 'yar'uwa. Ya share tas, ya sha finjali uku, ni kuwa takaici ya hana ni ko loma ɗaya.

Rana ta take muka isa Umbadda, muka yi ta bulayi a tsakanin gajerun gidaje masu kama ɗaya kafin mai rakasha, keken nan mai ƙafa uku, ya gano ƙofar. Basir ɗin tsoho ne siriri, a gabansa kaskon garwashi, ƙusa a ciki ta yi jawur. Baba ya tuɓe jallabiya. Na miƙe zan fara rashin kunyar da na zo yi, tsohon ya ɗaga mini hannu. Ya tambayi Baba tun yaushe, ya tambaye shi ko abinci na wucewa, ya daɗe yana kallon haƙarƙarinsa. Sai ya zare ƙusar ya tsoma a ruwa.

"Ya Hajj, wannan ba na ƙarfe ba ne," in ji shi. "Ƙwannafin da ke tsayar da loma, asibiti ake kai shi a leƙa cikin. Yau za ka je."

Baba ya ce to. Ko musu bai yi ba.

A asibiti aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi yaji da gahawa, aka sa mana ranar Talata za a zura masa na'ura ta baki. Likitan ya tambaye ni me ya sa muka daɗe haka.

Da la'asar muka dawo gida, Baba na ta ba maƙwabta labarin ilimin basir. Ni kuwa ina tsoron Talata, kuma haushin da na fita da shi na dawo da shi a kaina. Na san mahaifina, na san wanda yake jin maganarsa. Wata huɗu na ɓata ina zagin tsohon nan ban taɓa ganinsa ba, alhali da na raka Baba tun ranar da ya fara roƙona, da an leƙa cikin nan yana da sauran ƙibarsa.