Jirgin Feshi a Cikin Gerona

Jama'a, na yi laifi yau, amma ku ji abin da ya ja. Jirgin sama ne ya faɗo gonata ta hanyar Roni!

Ƙaramin nan ne mai feshin tsuntsaye. Ina tsaye ya sauko kan burtalin shanu, ya yi tsalle, ya kutsa cikin gerona. Rabin gonar ya kwantar!

Matuƙin ya fito, goshinsa duk jini. Ya ce, "Kuskurena ne, Baba. Daga sama na ɗauka burtalin ne filin saukata."

Ko sannu ban yi masa ba. Na shaƙe wuyan rigarsa, na ce, "Tsuntsu aka turo ka kora, ka fi tsuntsun ɓarna!"

Maƙwabcina Ardo Buba ya ɓamɓare hannuna. "Haba Malam Sani! Mutum ya tsallake rijiya da baya, kai ta gero kake?"

Na ce, "Shi iyalina za su ci, Ardo!"

Da na sake duban jinin da ke goshin matuƙin, sai na miƙa masa ruwa, na ce, "Sannu, ɗana. Ka yafe mini shaƙar da na yi maka. Maganar gero kuwa, sai gaban mai gari."