Ɗalibar Ranar Talata

Dokta Abednego ba mugu ba ne. Da wannan zan fara, don na san bakin mutanen jami'armu. Ofishinsa na jikin nawa, falangen katako ne kawai ya raba mu, ko tari ya yi ina ji. Mutumin kudancin Kaduna ne, ɗan wani tela. Da 'yan firamare ya fara a ƙauyensu, ya yi ta lallaɓa karatu har ya zama malamin labarin ƙasa a nan Abuja. A Kubwa yake zaune da matarsa Monica, kullum a bas yake zuwa, rungume da wata jaka da hannunta ya tsinke tun tuni. Ko biro bai taɓa karɓa daga hannun ɗalibi ba.

Matsalarsa dai ba ya ɗaga kai. Takardun jarrabawa sun binne shi, azuzuwan mutum uku aka jibga masa shi kaɗai, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Ɗalibi zai ƙwanƙwasa, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gaisuwa, amsar ba ta canzawa, kansa na kan tebur: "Ban kai kansa ba tukuna, a dawo mako mai zuwa." Sau nawa na yi masa tsiya! Na ce, "Dokta, wata rana ɓarawo zai shigo ya ɗauke fankarka, ka ce masa ya dawo mako mai zuwa." Sai ya yi dariya, biro na ci gaba da tafiya.

Cikin masu jiransa akwai Kindness, 'yar digiri na biyu da ke zuwa daga Masaka. Babin ƙarshe na kundin bincikenta na wurinsa, kuma muddin bai karanta ya sa hannu ba, babu ita babu kammalawa. Duk Talata bayan azahar ina jin ƙwanƙwasarta a hankali, sannan siririyar murya: "Ina wuni, sa. Maganar babina ce." Ya ba ta amsar da ya saba. Ta ce, "To, sa. Na gode." Ban san fuskarta ba, muryar kawai na sani, kuma tausayinta nake ji ƙwarai.

Sai bara aka kawo mana bitar horar da masu duba binciken ɗalibai, dole kowa ya je. Mun tafi muna gunaguni, mu da furfura za a koya wa aiki? Mai horarwar, Madam Patricia, ba ta tsaya dogon turanci ba. Ta ce kafin zama na gaba kowa ya buga wa ɗalibansa waya ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyarsu. In kuma ɗalibi ya zo ofis, a ajiye biro, a kira sunansa, a ba shi kujera, a dube shi. Wasu suka yi tsaki. Abednego kuwa, mutum ne da in aka ba shi aiki sai ya yi.

Ranar Litinin da hantsi ya faɗo ofishina ko ƙwanƙwasawa babu, wayarsa a hannu.

"Hajiya, kina jin yarinyar nan da ke zuwa duk Talata?"

"Ina ji mana. Kindness ba?"

"Satin da ya wuce ma kin ji ta?"

"Da kunnena. Me ya faru?"

Ya zauna a kan kujerar ɗalibaina. "Yayarta Linda ce ta ɗauki wayar. Ta ce Kindness ta rasu tun bara waccan, a haɗarin mota. Babu wanda ya zo ya sanar da sashe."

Innalillahi! Na ce ƙila wata ce mai irin muryarta. Ya ce cikin 'yan digiri na biyu da ke hannunsa, ita kaɗai ce mace. Ya roƙe ni gobe in zo in zauna a ofishinsa. Na ce wallahi ba da ni ba, ina da 'ya'ya ƙanana. Na ba shi shawara ya kulle ofis ya yi zamansa a Kubwa. Ya girgiza kai, ya tafi ya tono babin daga ƙarƙashin tulin takardu.

Talata na yi azahar a ofis, na murza makulli. Rana tsaka, ɗalibai na hayaniya a ƙasa, janareta na ruri, amma barandarmu tsit. Can sai na ji ƙwanƙwasar.

"Ina wuni, sa. Maganar babina ce."

Na toshe bakina da gefen mayafi. Sai na ji an ajiye biro a kan tebur.

"Shigo, Kindness. Ga kujera."

Ban ji takun ƙafa ba. Amma kujerar nan tasa ta roba, mai tsagewa a ƙafa, na ji ta yi ƙara irin wadda take yi in an zauna. Ya fara karatu a bayyane, shafi bayan shafi. Ni ina bayan falange ina ta jan duk addu'ar da ta zo bakina. Sai wajen la'asar karatun ya tsaya. Kujerar ta sake yin ƙara.

Da na samu ƙarfin leƙawa, shi kaɗai ne, rigarsa sharkaf da gumi. Na ce me ya gani? Ya ce, "Na dube ta, Hajiya." Bai ƙara ba, ni ma ban so ya ƙara ba.

Ranar Asabar ni na kai shi Masaka a motata. Linda ta tare mu a bakin titi, ta bi da mu lungu zuwa gidansu. Mahaifiyarsu na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Abednego ya durƙusa, ya miƙa mata babin da hannu biyu.

"Mama, ni ne malamin Kindness. Na kawo aikinta."

Tsohuwar ta goge hannu a zani kafin ta karɓa. Ta shafa bangon, ta ɗora a cinya.

"Ta ci?"

"Ta ci, Mama. Babu abin da na gyara."

Ta jinjina kai. Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai irin ta mai son ta gane.

"Ran Talata ne motar ta kife da su, ɗana, tana hanyar zuwa wurinka. Ke nan da ka karanta tun farko, da ba sai ta koma ran nan ba?"

Na so in sa baki in ce ajali ne, in ce kwana ne ya ƙare. Ya riga ni.

"E, Mama," ya ce. "Da ba sai ta koma ba."