Ranar da Liman ya rako yayana Fasto gidanmu

Shekarun baya, lokacin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ana ta shirin ƙaddamar da Shari'a a Kano, mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali a ɗakina, nan wajen Ƙofar Mazugal. Ta daina cin abinci, ta rage magana. Abu ɗaya take maimaitawa: "A kira mini ɗana."

Ɗan da take nufi Fasto ne. Na san wasu za su yi mamaki. Tun a ƙauye, kafin a haife ni, maƙwabciyar Inna ta rasu wajen haihuwa ta bar jinjiri. Mutanen gidan Kirista ne, Hausawa irinmu. Inna tana goyon yayata a lokacin, sai ta haɗa su ta shayar da su tare. Ya girma a hannun dangin ubansa, ya yi karatun addininsu, har ya zama shugaban wata 'yar coci a bayan gari. Amma Inna yake ce mata, ni kuma Yaya nake ce masa, kuma duk Sallah sai ya zo gaisuwa a kan baburinsa.

A shekarar nan ce ƙafarsa ta ɗauke. Mu a cikin gari murna muke yi, su kuwa jita-jita ta hana su sakat. Wasu 'yan cocinsa sun kwashe kaya sun tafi, waɗanda suka rage kullum suna ƙofar gidansa: "Baba Fasto, mu tafi ko mu zauna?" Gida-gida yake bi yana ba su haƙuri. Dattawan cocin suka hana shi shiga cikin ganuwa, har wani ya ce ai dama shi rabinsa Musulmi ne.

Mu ma ba a bar mu ba. Wasu samarin layinmu suka tare maigidana a ƙofar masallaci, wai don me namijin da ba Musulmi ba zai riƙa shiga wajen matan aure. Da maigidana ya aika wa Yaya cewa jikin Inna ya yi tsanani, ga amsar da ta dawo: "Ba kaina nake ji ba. In na zo na tafi, ku za a bari da mutane."

Ni kuma na koma ƙirƙiro wa Inna uzuri. Yau babur ya lalace, gobe ya yi baƙi. Ran nan ta dube ni ta ce, "Ke, tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba. Babur ɗin nan sau nawa zai lalace?"

Na yafa mayafi na tafi wajen matar Limamin unguwarmu. Duk hanya ina shirya bayani tsaf, amma ina zama kuka ya ƙwace mini, har Liman ya leƙo yana tambayar wa ya rasu. Da ya gama jin labarin sai ya ce, "Ɗan tsotso ya yi, ko shayarwa ce ta gaske?"

Na ce, "Har yaye, Malam."

Ya ce, "To ai ɗanta ne. Ke kuma yayanki ne, babu aure tsakaninku har abada. Shari'ar da ake ta magana a kanta ita ta faɗi haka. Ku ce ya zo gobe bayan La'asar."

Don tsoro na aika wa Yaya cewa ya cire farar kwalar nan ta wuyansa, ya sa hula. Washegari Liman ya ɗauki sandarsa, shi da maigidana, suka je bakin ƙofar gari suka tarbi Yaya. Sai ga shi da hular, ga kuma kwalar. Wai hula dama tasa ce tun yana yaro, kwala kuwa aikinsa ce. Haka suka tako a ƙasa, yana tura babur. Da suka iso masallaci, Liman ya dubi samarin ya ce, "Ba kwa gaida ɗan Inna ne?" Suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin gado. Inna ta laluba fuskarsa ta ce, "Ka rame. Mutanen naka ba sa ba ka abinci ne?"

"Inna, su ma ba sa iya ci."

"To kada ka tafi ka bar su, ka ji? Baba suke ce maka."

Ta sa masa albarka mai tsawo, sannan ta karɓi kunu daga hannunsa ta sha. A cikin makon Allah ya karɓi abinsa. Zaman makoki kuwa, tabarma ɗaya aka shimfiɗa masa da Liman, yana amsar gaisuwa. Bai tafi ba, ya riƙe cocin nan har tsufa ya sauke shi.

Yanzu shi da Liman duk sun rasu. Ba su taɓa yarda da juna a kan addini ba, ba su kuma yi kamar sun yarda ba. Duk sanda na tuna sai in gode wa Allah, domin da tsohon nan bai ɗauki sandarsa ba, da uwata ta tafi tana kiran ɗanta babu amsa.